Yadda ake shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambu, da yadda ake kula da shi

Ƙaramin jirgin ƙasa da ke gudu a kan tebur cikin ɗaki ba ruwansa da rana ko ruwan sama. Da zarar an fito da shi lambu, lissafin ya canza gaba ɗaya. Ƙasa tana motsi, ruwa yana zaizayar ta, zafi yana miƙar da ƙarfe, ganye yana faɗowa a kan layi, saiwar bishiya tana ɗaga abin da ka daidaita bara. Matsalolin da injiniyoyin jirgin ƙasa na gaske suke fama da su, su ne za su same ka, sai dai a ƙaramin sikeli. Shi ya sa nake ganin mafi yawan wannan aiki na shebur ne da baro da tsakuwa. Jirgin kansa, wanda shi ne ke fara jan hankalin kowa, shi ne abu mafi sauƙi a ciki.

Fara da sanin girman jirgin

Yawancin layukan lambu suna amfani da dogo mai tazarar milimita 45 tsakanin ƙarafan biyu. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya yaɗa wannan sha'awa a zamaninmu, lokacin da ya fito da jiragen LGB a 1968, waɗanda aka ƙera musamman don su jure zama a waje. Tun 2007 sunan LGB yana hannun kamfanin Märklin. Ban da shi akwai Piko da Bachmann da USA Trains da Accucraft.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne jirage masu girma daban-daban duk suna hawa wannan dogo ɗaya. Dalilin kuwa shi ne kowannensu yana kwaikwayon wani irin jirgi ne na gaske. Na LGB an rage su sau 22.5, don haka milimita 45 ɗin tana wakiltar layi mai faɗin mita ɗaya. Waɗanda aka rage sau 32 suna wakiltar babban layi mai milimita 1,435. Waɗanda aka rage sau 20.3 suna kwaikwayon layin ƙafa uku na Amurka. Akwai kuma na sau 29, da wasu kamfanonin Amurka suka fi so. A Ingila mutane da yawa suna gina na sau 19, galibi a kan dogo mai milimita 32.

Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. In ka jera taragon sau 32 bayan na sau 20.3, ko yaro zai ga ƙofar ɗaya ta yi wa ɗayan girma. Ga mai matsakaicin lambu, shawarata ita ce jiragen da ke kwaikwayon siririn layi, wato na sau 22.5 ko 20.3. Kawunansu gajeru ne, taragunsu ma haka, kuma a zahiri irin waɗannan jirage suna bin kwana mai tsanani a tsaunuka da gonaki, don haka ba sa zama abin mamaki a lambu mai ƙarancin fili.

Da me jirgin zai yi tafiya?

Wannan tambayar a amsa ta kafin a sayi dogo ko guda, domin amsar ce za ta faɗi irin dogon da za a saya.

Hanya ta farko, wutar lantarki ta bi ta cikin dogon, tayoyin kan jirgi su ɗauka. Yawanci bolt 18 zuwa 24 ne, ba mai haɗari ga mutum ba. Ita ce mafi sauƙin farawa, domin da haka akwatunan farko, wato waɗanda ake sayar wa sabon shiga da jirgi da dogo a haɗe, suke zuwa. Wahalarta ita ce dole saman dogon ya zama tsaf kullum, kuma kowace gaɓa, wato inda dogo ya haɗu da dogo, ta wuce da wuta. In ana son tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya, kowanne da nasa gudun, sai a yi amfani da tsarin DCC, wanda ke aika umarni ta cikin dogon zuwa wata 'yar na'ura da ke cikin kowane kan jirgi.

Ta biyu, batir a cikin kan jirgin ko a taragon da ke bayansa, ana sarrafa shi da rimot. Dogon ya zama hanya kawai. Ko ya yi baƙi, ko wata gaɓa ta saki, jirgi zai wuce abinsa. Akwai aikin sauya wayoyin cikin kan jirgin, akwai kuma cajin batir, amma ga lambu mai ƙura ko mai bishiyoyi, ni wannan na fi yarda da ita.

Ta uku ita ce tururi na gaske: ƙaramar tukunya, ruwa, wutar gas ko gawayin kwal, da hayaƙi mai ƙamshin mai. Kamfanin Roundhouse da ke Doncaster a Ingila ya yi suna wajen irin waɗannan. Babu abin da ya kai ta daɗin kallo, amma tana da sharuɗɗa. Tana son layi shimfiɗaɗɗe kusan babu hawa, domin kan jirgin tururi marar rimot yana galabaita a hawa ya kuma zabura a gangara. Tana son layin ya ɗaga daga ƙasa, aƙalla wurin kunna wuta, don kada ka wuni a durƙushe. Tana kuma zubar da mai a kan dogo, abin da ba ya jituwa da jiragen da ke ɗaukar wuta ta taya.

Karanta filin kafin ka taɓa shi

Ka fita lambun bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Duk wurin da ya taru, ko dai layi ya kauce masa, ko ya haye shi a kan gada. Ka duba bishiyoyi: ƙarƙashinsu akwai inuwa mai daɗi ga mai kallo, amma akwai ganye da ƙaro da kashin tsuntsaye, ga saiwa. Ka tuna da hanyar da mutane ke bi da baro ko injin yankan ciyawa. In layin ya tare ta, wata rana za a taka shi.

Sai awon tudu da kwari. Ido yana yaudara ƙwarai a nan. Filin da kake rantsuwa shimfiɗaɗɗe ne sau da yawa yana da bambancin santimita 20 ko 30 daga wannan gefe zuwa wancan. Samo dogon tiyo mai haske irin na magina, ka cika shi da ruwa, ka kafa turaku a kan hanyar da kake son layin ya bi, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, ka yi wa kowanne alama daidai da tsayin ruwan. Daga nan za ka san inda za a haƙa da inda za a cike.

Don fitar da siffar layin, shimfiɗa tiyon ban ruwa ko igiya mai kauri a ƙasa. Ka bar ta kwanaki, kana kallonta daga inda za ka riƙa zama, kana matsar da ita. Layin da ake ganinsa duka a kallo ɗaya yana saurin ginsa. Wanda jirgi ke ɓacewa bayan dutse ko shuka, ya ɓullo ta wani wuri, ya fi kama da tafiya ta gaske, ko da gajere ne.

Kwana da hawa

Akwatin farko yakan zo da dogo mai kwana mafi tsanani, wanda LGB ke kira R1, rabin faɗin da'irarsa santimita 60. Ƙananan kawuna masu taya huɗu suna bin sa lafiya. Manya kuwa ba sa iyawa, waɗanda suka iya ma suna goge tayoyinsu da dogon, taragu kuma suna leƙowa waje ta yadda babu kyan gani. A lambu kada ka yi ƙasa da mita 1.2, wato kusan R3, in dai fili ya ba ka dama. Cikakkiyar da'ira a wannan girma tana cin faɗin mita 2.4, in an haɗa da gefe da gefe sai ka tanadi kusan mita uku. In kana da wurin yin kwana mafi faɗi, yi. Ban taɓa jin wanda ya yi nadamar faɗaɗa kwana ba.

Kada ka haɗa kwanar dama da ta hagu kai da kai. Sa miƙaƙƙen dogo a tsakaninsu, mai tsawon taragonka mafi tsawo, in ba haka ba maƙalan taragu za su riƙa fizgar juna har ɗaya ya sauka.

Hawa kuma, kashi biyu cikin ɗari shi ne ma'auni mai kyau: santimita biyu a kowace mita. Kashi uku ana iya jurewa da gajeren jirgi. Fiye da haka, taya za ta riƙa sulɓi, injin ya riƙa zafi, haƙoran giyarsa su cinye. Kuma kwana tana ƙara nauyin hawa, don haka inda suka haɗu sai a sassauta.

Ga lissafin da ke kashe wa mutane da yawa gwiwa. Kowa yana son layi ya haye kansa a kan gada. Don jirgi ya wuce ta ƙasa ana buƙatar sarari kusan santimita 25, in an haɗa da kaurin gadar. A hawa na kashi biyu, wannan yana nufin mita 12.5 na hawa, da wasu 12.5 na sauka. In lambunka bai kai ba, ka haƙura da wannan tsari, ko ka raba aikin biyu: layin ƙasa ya ɗan nutse, na sama ya ɗan hau.

Gadon layi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a kwaikwayi jirgin ƙasa na gaske, a bar dogon yana kwance a kan tsakuwa ba tare da an ɗaure shi ba. Haƙa rami tare da layin, zurfin santimita 10 zuwa 15, faɗin kusan 20. Cire duk saiwa da baƙar ƙasa mai laushi. Daddaɓe gindin ramin sosai. Shimfiɗa yadin hana ciyawa, irin wanda ruwa ke ratsawa. Kada ka sa leda, domin za ta riƙe ruwa ramin ya zama kwata. Sai ka zuba fasasshen dutse kaɗan-kaɗan, kana yayyafa ruwa kana daddaɓewa, har ya ɗan haura saman ƙasar da ke kewaye. Layi yana son ya fi maƙwabtansa tudu, ko da da yatsa biyu ne, don ruwa ya gangara ya bar shi.

Irin tsakuwar yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Nemi dutsen da inji ya farfasa, mai kaifin gefe, girman milimita uku zuwa shida, wanda ke da ɗan garinsa a ciki. Irin wannan yana cije juna ya zauna daram. Tsakuwar rafi mai santsi kuwa tana gangarawa kamar ƙwayar wake a faranti, ba ta riƙe komai, ruwan farko zai watsa ta.

Inda aka cike ƙasa don ɗaga layi, kada ka yi gaggawa. Sabuwar ƙasa tana zama, ko an daddaɓe ta. Ka bar ta ta sha ruwan sama na wasu makonni, ka ƙara, ka sake daddaɓewa. Gefenta kuma a tare shi da duwatsu ko bulo ko shuka mai shimfiɗuwa. A duk inda layin ya tare hanyar ruwa, binne bututu a ƙarƙashinsa ya zama kwalbati, kuma ka sa wanda ya fi girman da kake ganin ya isa.

Akwai wasu hanyoyin. Ana zuba kankare, wanda ba ya motsi amma ba ya yafe kuskure: in ka canza shawara sai da guduma. Ana kuma kafa ginshiƙai a ɗora katako ko allon roba, layin ya tsaya daidai gwiwa ko ƙugu. Wannan ya dace da fili mai gangara, da masu jirgin tururi, da duk wanda bayansa ba ya son sunkuyo. In katako ne, a yi amfani da wanda aka yi wa maganin ruɓa da gara, kuma kada ya taɓa ƙasa kai tsaye. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa da sanyi, dole gindin ginshiƙi ya wuce zurfin da ƙanƙara ke kaiwa, in ba haka ba za ta ɗago shi.

Dogon kansa

Tagulla ita ce aka fi amfani da ita. Tana wuce da wuta sosai, tana lanƙwasuwa, ana liƙa mata waya da dalma, kuma da shekaru tana yin duhu mai kyau. Sai dai wannan duhun a saman dogon yana tare wuta, dole a riƙa goge shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya buƙatar guga sosai, amma yana da wuyar yanka da lanƙwasa, kuma bai kai tagulla wuce da wuta ba. Alminiyam ba shi da nauyi, yana da laushi, ya fi dacewa da masu batir da tururi.

Akwai kuma tsayin ƙarfen. Wanda ake kira lamba 332 tsayinsa ya ɗan haura milimita takwas, yana da ƙarfi har yakan jure taku na kuskure. Lamba 250 ya fi siranta, ya fi kama da na gaske, amma yana son gado mai kyau. Ka tabbata 'yan katakan robar da ke riƙe da ƙarafan an yi su don jure hasken rana, domin robar da ba ta da wannan kariya tana bushewa ta farfashe.

Wajen shimfiɗawa, ɗora dogon a kan tsakuwa, ka duba shi da ma'aunin magina ta tsawo da kuma ta faɗi. Na faɗin ne mutane ke mantawa, alhali murɗewar dogo, inda gefe ɗaya ya ɗaga ɗayan ya nutse, ita ce kan gaba wajen kayar da jirgi. Sai ka zuba tsakuwa a kai, ka share da buroshin fenti har ta cika tsakanin katakan ba tare da ta kai saman ƙarfe ba, ka yayyafa ruwa.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Dogon tagulla mai mita goma, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara tsawo kusan milimita shida. Dogon da ke cikin rana kuwa ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. In an ɗaure shi tam da kusoshi, ba shi da inda zai je sai ya lanƙwashe gefe. Layin da ke kwance a kan tsakuwa yana magance wannan da kansa, domin wuraren kwana suna ɗan buɗewa su dawo. In a kan katako ne, ɗaure shi sako-sako nan da can, ka bar 'yar tazara a gaɓoɓi, musamman in da sanyin safiya kake aikin.

Maƙalan haɗa gaɓoɓi da dogo ke zuwa da su na turawa ne kawai. A waje suna saki, ƙasa ta shiga, wuta ta yanke. Sauya su da masu sukuru da ke matse ƙarafan biyu, ko aƙalla ka shafa musu man da ke wuce da wuta kafin ka haɗa. Masauyin layi, inda hanya ke rabuwa biyu, shi ya fi komai kawo matsala. Rage yawansu, ka ɗora kowanne a kan shimfiɗaɗɗen bulo ko allo, inda hannunka zai kai, kuma kada tsakuwa ta kusanci sassansa masu motsi.

Wuta

Taransifoma da duk abin da ke haɗe da wutar gida su zauna a cikin ɗaki ko rumfa busasshiya. Ƙaramar wutar kaɗai ce za ta fita lambu. In dole ne a kai soket waje, ƙwararren mai gyaran wuta ya yi shi, tare da na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zube. Wannan ba wurin gwaji ba ne, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa da wutar gida suna kisa.

Kada ka dogara da dogon shi kaɗai ya kai wuta ƙarshen layi. Binne waya mai kauri ta jan ƙarfe a cikin bututu tare da layin, ka riƙa fito da reshe kana haɗawa da dogo duk bayan 'yan mitoci. Ka kuma lura, in layi ya zagaya ya dawo cikin kansa ta yadda jirgi zai juya fuska, ƙarfen dama zai haɗu da na hagu, wuta ta haɗe. Irin wannan madauki yana buƙatar a raba shi da gaɓoɓin roba a sa masa na'ura ta musamman.

Gada, kogo da shuke-shuke

Ƙa'idar kogo ɗaya ce: kada ya fi tsawon da hannunka zai kai tsakiyarsa daga kowane baki. In ya fi haka, yi masa murfi a sama. Jirgi yana da halin faɗuwa daidai inda ba a iya kaiwa, kuma kwaɗi da ƙadangaru da ɓeraye suna son wurin. Gwada faɗinsa da tsayinsa da kan jirginka mafi girma, ka ƙara sarari, ka sa gindinsa ya ɗan gangara don ruwa ya fita. In ba a wasa, toshe bakunan.

Shuke-shuke su ne ke mayar da layi ya zama ƙasa mai rai. Nemi masu ƙananan ganye da jinkirin girma, waɗanda suka saba da yanayin wurinka: masu shimfiɗuwa su zama ciyawa, ƙananan itatuwa a riƙa aske rassansu na ƙasa har kututturen ya fito su yi kama da manyan bishiyoyi. Dasa su nesa da dogo fiye da yadda kake ganin ya dace, domin nan da shekara biyu za su matso. Guji masu yaɗuwa ta saiwa, in sun shiga tsakuwa fitar da su sai an tayar da layin. Gidaje da tashoshi su zo daga baya, kaɗan-kaɗan. Wanda ke son ganin yadda shuka da gini da jirgi ke haɗuwa in an daɗe ana kula da su, ya nemi hotunan Bekonscot, ƙaramin ƙauyen kwaikwayo da ke Beaconsfield a Ingila, wanda aka buɗe tun 1929.

Kulawa

Kafin kowane wasa, bi layin da ƙafa. Tsince ganye da tsinke da dutsen da ya maƙale a masauyi. In wuta ta dogo kake amfani da ita, goge saman ƙarfen da soso mai ɗan kaushi da aka ɗaura a kan sanda, don kada ka sunkuya. Kada ka sa takardar yashi mai kaushi, tana barin zane inda datti zai zauna. Tayoyin roba suna barin baƙin shafi a kan dogo mai zafi, don haka sauya su da na ƙarfe yana rage guga, yana kuma ƙara wa tarago nauyi a ƙasa.

Shekarar farko tsakuwa za ta yi ta nutsewa. Wannan ba alamar kuskure ba ce. Ajiye buhu ɗaya ko biyu na irin wadda ka yi amfani da ita. Inda layi ya zauna, ɗaga dogon da hannu, tura tsakuwa ƙarƙashinsa, ka duba da ma'auni. Yi haka bayan kowane ruwa mai ƙarfi da kuma farkon kowace kakar wasa. Daga shekara ta biyu ko ta uku aikin yana raguwa sosai.

In jirgi ya faɗi sau biyu a wuri ɗaya, laifin layi ne: duba murɗewa, ko gaɓar da ta goce. In tarago ɗaya ne ke faɗuwa a wurare daban-daban, laifinsa ne: duba tazarar tayoyinsa da maƙalinsa. In kan jirgi yana rage gudu a wani yanki, wata gaɓa ce ta daina wuce da wuta, kuma mitar awon wuta za ta nuna maka ita cikin minti kaɗan.

Kawunan jirgi na lantarki suna son mai kaɗan ƙwarai, ɗigo a kowane wurin juyi, kuma irin wanda ba ya cin roba. Mai da yawa yana tara ƙura ya zama abin da ke cinye giya. Na tururi kuwa a zuba musu tataccen ruwa marar gishiri don kada tukunya ta yi ɓawo, a yi amfani da man tururi na musamman, a zubar da ruwan da ya taru a ma'ajiyar man bayan kowace tafiya, kuma kada a bar wuta tana ci tukunya babu ruwa. Suna ƙuna, don haka yara su kalla daga nesa.

Dogo da gadoji su kwana a waje, an yi su don haka. Kawuna da taragu da rimot su koma ɗaki. Masu dabara sukan ja reshe ɗaya na layin ya shiga rumfa ta wata 'yar ƙofa a bango, ta yadda jirgi zai shige da kansa da yamma a rufe. In kana da niyyar yin haka, sa shi cikin tsari tun ranar da kake kafa turaku, domin tsayin daɓen rumfar ne zai zama ma'aunin da sauran layin duka zai bi.